Faifan Numa

"Ba wannan ba, Mis Verlie. Can baya, kusa da bango. Wanda aka naɗe da tawul."

Mis Verlie tana tsaye a kan kujera, hannu ɗaya dafe da bango, ɗayan yana lalube a saman durowa. Mace ce da ta ba saba'in baya, gwiwoyinta kuma sun daɗe da daina shiri da hawa.

"In na faɗo na karye, kai za ka yi jinyata, Mista Ovide?"

"Sai a yi miki shimfiɗa a gefena, mu riƙa yi wa juna sannu."

"Bakin nan naka dai shi zai riga ka warkewa."

Ta sauko da abin a hankali, ta ɗora masa a kan ƙirji. Bai buɗe ba. Ya dai dafa shi da tafukansa biyu, waɗanda a da suka shafe rabin gidajen unguwar da farar ƙasa, yanzu kuwa sun zama ƙashi da jijiya.

To, sai kun san zaman da ke tsakanin mutanen nan biyu. Gidajen unguwarsu a New Orleans dogaye ne sirara, biyu-biyu a manne, bango ɗaya a tsakani. Shekara arba'in da wani abu bangon nan kaɗai ya raba Mis Verlie da Mista Ovide. Ta yi goyon 'ya'yanta, ta aurar da su, ta binne mijinta, duk da kiɗan jaz yana ratsowa ta bango, safe da yamma. Shi bai taɓa aure ba. Gidansa babu wurin ajiye mace. Tun daga ƙofar gaba har kicin faya-fayan garmaho ne jere a kanta, sai hotunan makaɗa a bango har ba a ganin fenti, sai ƙahonnin busa da suka lotse, hulunan 'yan badujala, takardun tallar rawa da suka yi ja don tsufa. Hanyar da ya bari a tsakiya, in mai ƙiba ne sai ya bi a karkace.

Mutane sun ɗauka son kiɗa ne kawai. Mis Verlie ta san ba shi kaɗai ba ne. Yana da wa, Numa, mai busa ƙaho, wanda tsofaffin unguwa suke cewa in ya busa a bakin kogi ana jin sa a ƙetare. Numa ya shiga jirgin ruwa lokacin yaƙi yana ɗan shekara ashirin, bai dawo ba. Tun daga nan duk hoton makaɗa da Ovide ya gani sai ya saya, ya zo gida ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, har na can baya da ba a ganin komai sai kunne da hula. Duk faifan da aka ce ba a san mai busa a ciki ba sai ya nemo. Bai taɓa samun Numa ba. Abin da ya rage na Numa a duniya shi ne wannan da ke cikin tawul: faifai guda da ya biya aka ɗaukar masa a bayan wani shagon kayan kiɗa, mako kafin tafiyarsa.

Irin faifan nan ba kamar na kasuwa ba ne. Farantin ƙarfe ne aka shafa wa baƙin fenti, a cikin fentin aka tona muryar. Duk sawa ɗaya, allura sai ta ci wani abu. Uwarsu ta yi ta sa shi kowace Lahadi bayan coci har ya fara dishewa, ranar da aka binne ta Ovide ya naɗe shi ya ɗaga sama. Sauran aikin damshin garin ya ƙarasa, fentin ya tsattsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe.

Da safiyar ranar, nas ɗin da ke zuwa duba shi ta ja Mis Verlie baranda ta ce mata a hankali, in akwai wanda za a kira, a kira shi. Mutum ɗaya ne. Shi ne kuwa ya turo ƙofa yanzu yana haki, da hularsa a hannu.

Hosea Tillman ke nan, tsohon mai aski, wanda ya rufe shago tun da hannunsa ya fara rawa. Shi ma mai tara faya-fayai ne. Shi da Ovide sun fi shekara talatin suna rige-rigen zuwa gidan da aka yi mutuwa don sayen abin da mamaci ya bari, suna zagin juna a hanya, su dawo su ci abinci a kwano ɗaya.

"An ce mini kana mutuwa, na zo na tarar da kai kwance kamar gwamna," in ji Hosea. Sai idonsa ya faɗa kan tawul. "Me wannan yake yi a ƙasa?"

"Sa shi za a yi."

"Sa shi a ina?"

"A garmahon Mama."

Hosea ya juya ya dubi Mis Verlie. "Maganin da suke ba shi ne. Ya taɓa masa kai." Ya koma kan Ovide. "Kai, tsohon nan, kai ne fa ka kore ni daga gidan nan don na taɓa faifai da hannu mai maiƙo. Kai ne kake cewa abin da babu na biyunsa ba a sa masa allura. Ka yi wa matar jami'a, mai adana tsofaffin faya-fayan nan, alkawari a gabana. Farkon wata za ta zo. Tana da abin liƙe fentin, tana da allurar da ba ta kai nauyin gashin kaza ba. Za ta kwafe shi, duniya ta ji Numa. Ka sa shi a wancan akwatin mai kai kamar guduma, kafin ya kai ƙarshe ya zama gari."

"Farkon wata," in ji Ovide, ya yi murmushi. "Ka gaishe ta."

"Ka jira mana."

"Ka faɗa wa wanda ke jirana."

Fanka tana ta juyawa a kusurwa tana kaɗa gefen wata takardar talla.

"To ni dai ba da hannuna ba," in ji Hosea.

"Da wane hannun? Wannan da ko cokali ba ya kaiwa baki da miya a ciki?" Ovide ya juyo da kai a kan matashi. "Mis Verlie ce za ta sa."

A shekarun nan duka ko ƙura bai taɓa bari ta goge a jikin garmahon ba. Ta ce wakenta yana kan wuta, ta fita.

Ranar Litinin ce, kowane gida a layin jan wake ne a tukunya. Tana cikin juyawa Hosea ya shigo ta ƙofar baya ba sallama, ya tsaya a bakin kicin yana murza hula.

"Mis Verlie, ke mai hankali ce. Duk waɗanda suka ji Numa da kunnensu sun tafi. Ni kaina ban taɓa jin sa ba, labari kawai. In faifan nan ya tafi, kamar ba a taɓa haihuwar yaron ba. Shi Ovide in yana cikin hayyacinsa ba zai yarda ba. Ki ce masa allurar ta ɓata. Ki ce hannun wanawa ya karye. Gobe ma ba lalle ya tuna ba."

"In yi wa mai mutuwa ƙarya?"

"Ki yi wa wanda ya riga ya mutu adalci."

Maganar ta zauna mata. Ta rage wuta, ta zuba wake a ƙaramin kwano ko da ta san ba ci zai yi ba, ta koma. Hosea yana biye da ita. A ranta ta kusa yanke shawarar cewa a bari sai gobe, gobe kuma a ce sai jibi.

Suka tarar da Ovide idonsa a rufe. Yatsunsa uku na dama suna motsi a kan zanen gado, suna dannawa suna ɗagawa yadda masu busa suke yi, shi da bai taɓa kai ƙaho baki ba. Za su fara, su tsaya, su sake farawa, su tsaya a wuri guda.

"Mista Ovide, ga ɗan romo."

Ya buɗe ido. Wasan nan da ke cikinsu ɗazu babu shi.

"Ya ɓace mini, Verlie," in ji shi. Bai taɓa kiran sunanta haka gatsau ba. "Tun ranar da na naɗe shi ban damu da sawa ba, don yana nan a kaina. Ina shafe ina jin sa. Ina aski a shagon wannan ɓarawon ina jin sa. Tun makon jiya na neme shi na rasa. Na san ya fara daga ƙasa, ya hau, daga nan sai duhu. In na je na same shi ya ce, ƙanena, ka riƙe mini waƙata? Me zan ce masa?"

Mis Verlie ta ajiye kwanon. Ta waiga. Hosea yana kallon ƙasa, muƙamuƙinsa yana motsi kamar mai tauna.

"Kar ki taɓa komai sai na dawo," in ji shi, ya fita.

Bai daɗe ba ya dawo da rikodar kaset a hammata da ƙaramin gwangwanin taba a aljihu. Ya buɗe gwangwanin. Ƙayoyi ne a ciki, dogaye, ruwan ƙasa, na wani itacen hamada.

"In dai za a yi ɓarnar, a yi ta da mutunci," in ji shi. "Ba za a sa wa Numa ƙarfe ba. Ƙaya ita ce ke cinyewa, ta bar faifai."

"Shekara nawa ina roƙon ka ƙaya ɗaya kana cewa sun ƙare?" in ji Ovide.

"Da ma don jana'izarka na ajiye."

Hannun Hosea ba zai iya feƙewa ba, don haka shi ya riƙa faɗa, Mis Verlie tana yi. Ta goga bakin ƙayar a takarda mai yashi tana juyawa, ta ɗaga wa haske, ya ce saura, ta ƙara, ya ce ya isa. Suka jawo garmahon zuwa bakin gado. Ta ɗaura ƙayar, ta wana hannun har ya yi tauri. Hosea ya sa sabon kaset, ya kafa rikodar daf da bakin garmahon, ya gyara, ya sake gyarawa.

"Ko ba komai za a samu inuwarsa," in ji shi.

Da ta warware tawul ɗin, wasu baƙaƙen ɓarɓashi suka zubo mata a cinya. Ta riƙe faifan ta gefe da gefe kamar yadda ta sha ganin ana yi, ta ɗora. Ya fara juyawa. Ta ɗago kan allurar ta nufi bakin faifan.

"Tsakiya," in ji Ovide. "Daga tsakiya yake farawa, ya fito waje. Haka mai shagon yake ɗauka."

Ta mayar da hannu. Hannu ne da ya yi shekaru yana zura zare a allura. Hosea ya miƙa yatsa ya danna rikoda. Ta sauke ƙayar.

Da farko sai shuuu, kamar ruwan sama a kan kwano. Sai wani ya yi gyaran murya. Sai ƙahon ya shigo.

Daga ƙasa ya fara, a hankali, kamar mutumin da ya shigo gida ba ya son ya ta da kowa. Ya hau, ya tsaya, ya yi wani ɗan lanƙwasa, ya sauko inda ba a zata ba. Babu ganga, babu kowa, shi kaɗai. Mis Verlie ta ji kiɗa iri-iri ta bangon nan, ba ta taɓa jin wanda ya yi kama da magana haka ba. Ta sa ido a kan faifan. A bayan ƙayar fentin yana ɗagowa yana nannaɗewa, siriri, yana faɗuwa, farin ƙarfe yana bayyana zobe bayan zobe. Ta kai hannu za ta ɗaga. Ovide bai buɗe ido ba, ya dai girgiza kai. Yatsunsa sun kama, suna tafiya tare da busar, har suna riga ta.

Hosea yana tsaye, hula a ƙirji, baki a ɗan buɗe.

Wajen ƙarshe ƙayar ta dakushe, sautin ya yi kauri kamar daga cikin rijiya. Busar ta tsaya. Sai muryar saurayi, tana dariya: "Mama, mai shago ya ce lokaci ya ƙare. A ajiye mini ƙanzo." Sai shuuu, ƙayar ta zame ta faɗa gefe.

Garmahon ya gaji ya tsaya da kansa.

"Ƙanzo," in ji Ovide can. Hawaye ya gangara ya shige masa kunne. "Na manta da wannan. Kullum sai mun yi faɗa a kan ƙanzo." Ya numfasa. "Ka ɗauka, Hosea?"

Hosea ya sunkuya kan rikodar. Kaset yana ta juyawa. Ya daɗe a sunkuye. Irin rikodar nan madanni biyu ake dannawa tare in za a ɗauka, da baƙi da ja. Baƙin yana ƙasa. Jan yana nan a sama yadda yake.

Ya mayar da kaset baya, ya kunna. Babu komai sai huci.

"Ovide," in ji shi. "Jan bai shiga ba. Yatsan ne ya..."

Mis Verlie ta rufe ido tana jiran abin da zai biyo baya. Sai ta ji gado yana girgiza. Dariya Ovide yake yi, marar sauti, har ta zama tari, ta ɗago shi ta ba shi ruwa, yana sha yana ƙwarewa yana nuna Hosea da yatsa.

"Shekara talatin yana koya mini yadda ake adana kaya."

"Ka yafe mini."

"Zauna, tsohon banza, kafin ka faɗi a kan faya-fayaina. Ka ji shi ko ba ka ji shi ba?"

"Na ji shi."

"Ƙarya tsofaffi suka yi?"

Hosea ya zauna a bakin gado, ya share fuska da hula. "Ba su faɗi rabi ba."

"To."

Ovide ya sha romon waken nan cokali biyu a ranar, abin da ya kwana biyu bai yi ba. Washegari fada, limamin coci, ya zo ya yi masa addu'a ya shafa masa mai. Daga nan magana ta ragu. Ranar Alhamis da hantsi Mis Verlie tana zaune tana jiƙa masa leɓe da auduga, rana ta shigo ta tagar gefe ta kwanta a kan hotunan bango. Yatsunsa suna ta tafiya a kan zane, ba sa tsayawa a ko'ina, su kai ƙarshe su koma farko. Ta juya ta matse audugar a kofi. Da ta juyo sun tsaya.

Ta rufe masa ido, ta gyara masa wuyan riga. Ta kashe fanka. Sannan ta fita baranda ta aika a kira Hosea.

Masu busa sun zo jana'izar da yawa, har da waɗanda ba a gayyata ba, don kusan kowannensu ya taɓa zuwa gidan nan neman hoton ubansa ko kakansa ya samu. Suka raka shi da taken tafiya a hankali, suka dawo da mai zafi, mata suna kaɗa farin hankici. Farkon wata matar jami'a ta zo da mota da kwalaye. Mis Verlie ta miƙa mata farantin ƙarfen, fari fes sai ɗan baƙi-baƙi a gefe, ta faɗa mata yadda aka yi ba ta rage komai ba. Matar ta juya shi a hannu, ta daɗe tana kallo.

"Ya ji shi dai?" ta tambaya.

"Ya ji shi."

Ta naɗe shi da kyau ta sa a kwali tare da sauran.

Bayan an kwashe kaya gidan ya zama wani iri. Mis Verlie takan tsinci kanta ta tsaya da cokali a hannu ta karkata kai wajen bango. Hosea kuwa ya ɗauki wata al'ada, kullum la'asar sai ya zo ya zauna a matakalar gidan da babu kowa, ba ya ƙwanƙwasa mata, ba ya neman komai.

Wata la'asar tana baranda tana yanka kuɓewa a faranti, sai ta ji yana fito a hankali ta tsakanin haƙoran da suka rage masa. Ya fara daga ƙasa, ya hau, ya tsaya, ya ƙara hawa.

"Ba haka ba ne," in ji ta, ba ta ɗago ba.

"Wa ya tambaye ki?"

"Nan ba hawa ya yi ba. Lanƙwasawa ya yi ya sauko."

"Mis Verlie, ina tara faya-fayai tun kina..."

"Kana danna baƙi kana barin ja. Saurara."

Ta yi masa da hanci, a hankali, muryarta tana ɗan rawa a wurin lanƙwasar. Ya karkata kai ya ji. Ya gwada, ya kuskure, ya yi tsaki. Ta matsa gefe a kan bencin ta janye farantin. Ya taso da ƙyar yana dafa gwiwa, ya hau matakalarta ya zauna, ya ɗora hular a cinya.

Suka koma farko tare, shi da fito, ita da hanci, wuƙar tana kwance a cikin kuɓewa.